Filin Tambaya da Amsa: Ƙubbobin Maƙabartar Alƙahira da Kusheyin Durɓi

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan wata, biyu daga ƙasar Katsina, ɗaya daga Daura, dukkansu kuwa a kan kaburbura ne da abin da mutane suke ginawa a kansu. Ta farko ce ta fi bukatar dogon bayani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, a watan jiya na raka mahaifina neman magani a Alƙahira. Muna tafe a kan titin Salah Salim sai na hango wata makekiyar unguwa cike da ƙubbobi da hasumiyoyi na dutse, direba ya ce mini maƙabarta ce. Ban gaskata ba sai da na koma na taka da ƙafata, na ga kaburbura a cikin ɗakuna, na kuma ga mutane zaune da iyalansu har da shanyar tufafi. Ni da na tashi ina bin makara zuwa Ɗan Marna, inda tudun ƙasa kawai ido ya saba gani, abin ya ɗaure mini kai. Su wa suka gina wannan wuri, yaushe, kuma don me? Daga wani ɗan kasuwa, Ƙofar Sauri, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Wurin da ka gani sunansa Ƙarafa. Maƙabarta ce da ta miƙe tsawon kilomitoci a gindin dutsen Muƙaɗɗam, gabas da kudu da tsohon birni, kuma fadar dutse ta Salahuddini da ake kira Ƙal'a ta raba ta gida biyu, ɓangaren kudu wanda shi ne tsoho, da ɓangaren arewa wanda ake kira saharar Mamalik. Ta girmi birnin Alƙahira kansa. An fara binne mutane a cikinta tun lokacin da Amru bn al-As ya kafa sansanin Fusɗaɗ wajen shekarar 641, alhali sarakunan daular Faɗimawa ba su aza harsashin Alƙahira ba sai a 969. Sunan nata ya samo asali daga Banu Ƙarafa, wani dangi na Larabawan Yaman da suka zauna a wurin.

Kafin mu shiga maganar gini, akwai abin da ya kamata Bakatsine ya sani, wato cewa a cikin wannan ƙasa akwai mutanen da muke karanta maganganunsu a zaurukanmu kullum. Akwai kabarin sahabi Uƙubatu bn Amir. Akwai wani sashe da ake kira Sadatul Malikiyya, inda Ibnul Ƙasim yake kwance, almajirin Imamu Malik wanda amsoshinsa suka zama ƙashin bayan fiƙihun da ake karantarwa a ƙasar nan, ya rasu a shekarar 191 bayan Hijira. Ashhabu ma yana nan, wanda ya rasu a 204, shekarar da Imamu Shafi'i ya rasu. Kusa da Ƙofar Ƙarafa kuma aka binne Jalaluddini Suyuɗi a 1505, malamin da ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasar Takruru, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas a cikinta. Ashe ba a baƙon wuri ka tsaya ba, Alhaji, ko da yake ginin ya yi maka baƙunci.

Farkon abin da aka fara ɗorawa a kan kabari a Masar ƙaramin allo ne na dutse ko marmara, wanda suke kira shahid. A kansa ake sassaƙa Bismilla, da sunan mamaci da na mahaifinsa da na danginsa, da kalmar shahada, da watan da ya rasu, dukkansu da rubutun Kufi mai kusurwoyi, wanda daga baya aka riƙa fitar wa haruffansa ganye da reshe. Mafi daɗewa cikin waɗanda suke ɗauke da kwanan wata yana gidan adana kayan fasahar Musulunci na Alƙahira, an rubuta shi a shekara ta 31 bayan Hijira, wato 652. Masana tarihin rubutun Larabci suna ji da irin waɗannan alluna ƙwarai, domin da su ake bin sawun yadda siffar haruffa ta riƙa sauyawa ƙarni bayan ƙarni. Wannan al'ada ta ƙetaro Sahara har zuwa yankinmu, don a Sane, kusa da Gao, an tono allunan kaburburan sarakuna na wajen shekarar 1100 waɗanda aka sassaƙa da marmarar Almeriya ta Andalus.

Faɗimawa ne suka yawaita gina ƙubbobi a kan kaburburan zuriyar gidan Annabi (SAW), irin ta Sayyida Ruƙayya da aka gama a 1133, mai mihrabi na farar ƙasa da aka ƙawata da zayyana. Da mulkinsu ya faɗi a 1171, Salahuddini al-Ayyubi ya mai da hankali ga kabarin Imamu Shafi'i, ya gina makaranta kusa da shi, a 1178 kuma wani kafinta mai suna Ubaidu bn Ma'ali ya ƙera akwatin katako da aka kife a kan kabarin, wanda aka harhaɗa da ƙananan gutsattsarin katako masu siffar taurari, kowane da tasa sassaƙar. Babban ginin da ake gani yau al-Kamil ya gina shi a 1211, ko da yake an sabunta ƙubbarsa daga baya. Ta katako ce an lulluɓe ta da darma, a ƙololuwarta akwai ɗan kwalekwale na tagulla wanda ake cewa hatsi ake zubawa a ciki domin tsuntsaye.

Amma ƙubbobin dutsen da ka hango daga titi, mafi yawansu aikin Mamalik ne, waɗanda suka mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517. Su waɗannan asalinsu bayi ne da ake sayowa suna yara daga yankin Turkawa da duwatsun Kafkas, a musuluntar da su, a koya musu yaƙi a kan doki, a 'yanta su, daga cikinsu kuma sarki yake fitowa. Mu da muka san matsayin bayin sarki a fadojin ƙasar Hausa ba za mu sha wahalar fahimtar yadda bawa yake zama mai faɗa a ji ba, sai dai a can har gadon sarauta suke hawa. A nan ne amsar tambayarka ta "don me" take. Bamamluke ba shi da kakanni a Masar da za a yi masa kirari da su, ba shi da tabbacin ɗansa zai gaje shi, dukiyarsa kuma wanda ya hau bayansa yana iya ƙwace ta a wuni ɗaya. Hanya ɗaya da shari'a ta tanada wadda hannun sabon sarki ba ya saurin kaiwa gare ta ita ce waƙafi. Saboda haka sai sarki ko amiri ya gina masallaci da makaranta da wurin shan ruwa, ya jingina ɗakin kabarinsa a jikinsu, ya tsayar da gonaki da shaguna waƙafi domin biyan limami da ladan da malamai da mahaddata, ya kuma sanya 'ya'yansa cikin masu kula da waƙafin da masu cin rararsa. Da gini ɗaya ya nemi sadaka mai gudana, ya kafa sunansa a garin da ba na iyayensa ba, ya kuma bar wa iyalinsa abin dogaro. Ban ga dalilin da zai sa mu ce ɗaya daga cikin niyyoyin nan uku ƙarya ce ba, zuciyar ɗan Adam tana iya ɗaukar su gaba ɗaya.

Gine-gine uku a ɓangaren arewa sun isa su nuna yadda hannun magina ya riƙa faɗawa. Sarki Barƙuƙ ya rasu a 1399, ya bar wasiyya a binne shi kusa da kaburburan wasu shehunnan sufaye a cikin sahara, ɗansa Faraj ya gina masa zawiya babba tsakanin 1400 da 1411. Tana da hasumiya biyu da ƙubba biyu, ɗaya a kan kaburburan maza, ɗaya a kan na mata, faɗin kowace ya kai wajen mita 14, an yi wa bayansu zane mai karye-karye kamar tafiyar maciji daga gindi har sama. A ginin Sarki Barsbai na 1432 sai aka koma taurari masu saƙe da juna. A ginin Sarki Ƙa'itbai, wanda aka gama a 1474, aka kai maƙura: saƙar taurari ta miƙaƙƙun layuka a sama, a ƙarƙashinta kuma reshe da ganye da fure suna naɗewa, zane biyu mabambanta a kan fuska ɗaya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Duk maginin da ya taɓa ɗaga tulluwa da azara, ko ya fitar da dagi a fuskar soro, ya san inda wahalar take. Bango shimfiɗaɗɗe ne, amma ƙubba tana tsukewa yayin da take hawa, don haka dole kowane tauraro ya fi na ƙasa da shi ƙanƙanta da gwargwado daidai, kuma layin da ya fita daga wannan dutse ya tarar da ɗan'uwansa a dutsen da ke biye. Babu hoton mutum ko dabba a wurin. Da rubutu da lissafi da siffar tsiro kawai aka yi wannan ado, ayoyin da aka fi zagaye bango da su kuwa su ne Ayatul Kursiyyu da waɗanda suke tunatar da cewa kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne. Idan akwai ragowar takardar fam ɗaya ta Masar a aljihunka, duba ta, masallacin Ƙa'itbai ne a jiki. Shi wannan sarki, wanda Barsbai ya saya yana bawa, ya yi mulki daga 1468 zuwa 1496, kuma a ginin nasa akwai wurin shan ruwa na mutane, da makarantar allo a samansa, da kwamin shayar da dabbobi, da gidajen haya.

Mutanen da ka gani zaune ba jiya suka fara ba. Tun zamanin Mamalik akwai masu gadi da masu haƙa kabari da mahaddata da sufaye da suke kwana a wurin saboda waƙafi yana ciyar da su. Ibn Baɗuɗa ya bi ta nan a 1326, ya ba da labarin yadda ake gina ɗakuna, ake ɗaukar masu karatun Alƙur'ani dare da rana, jama'a kuma suna fitowa da iyalansu su kwana a daren Juma'a. Kabarin gidan masu hali a Masar tsakar gida ne mai katanga, da ɗakin ƙasa inda ake sa gawa, da ɗaki ɗaya ko biyu na masu ziyara, to da ƙuncin muhalli ya tsananta a ƙarni na 20 sai talakawa suka shiga waɗannan ɗakuna.

Na san akwai tambayar da ba ka rubuta ba amma tana bakinka, wato matsayin wannan a addini. Wannan fili ba na fatawa ba ne, sai dai abin da yake sananne ba a ɓoye shi. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya hana shafe kabari da farar ƙasa, da zama a kansa, da yin gini a kansa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajiri a Katsina ya bi ta kanta, ta ce an karhanta gini a kan kaburbura. Malaman Masar ma ba shiru suka yi ba, Ibnul Hajj, Bamalike da ya rayu a Alƙahira a farkon ƙarni na 14, ya yi kakkausan suka ga gine-ginen Ƙarafa, musamman don suna cinye filin da aka keɓe wa dukkan Musulmi. Tudun ƙasa na Ɗan Marna, da itace ko fasasshiyar tukunya da ake rufe lahadu da su, bin wannan koyarwa ne, ba gazawar magina ba, domin garin da ya ɗaga hasumiyar Gobarau da ƙasa zalla ba zai kasa ɗaga ƙubba ba. Ni kaina ba na fatan ganin maƙabartunmu sun koma fagen gasar masu kuɗi. Duk da haka raina ya ɓaci da na ga hotunan motocin rusau suna ture kaburbura a Ƙarafa tun daga 2020 domin faɗaɗa tituna da gina gadoji, a wurin da yake cikin tsohuwar Alƙahira da hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan tarihin duniya tun 1979. Allon da ya faɗi sunan mutum da shekarar rasuwarsa shaida ce ta tarihi, idan ta farfashe babu inda za a samo madadinta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ga hotuna a Facebook na wata maƙabarta a Italiya cike da mutum-mutumi na farin dutse, har da na wata tsohuwa riƙe da kayan talla. Ɗalibaina sun tambaye ni ko gumaka ne da ake bauta wa, na ce su dakata in tambayo. Daga wata malamar sakandare, Daura.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, kin kyauta da ba ki amsa musu da ka ba. Maƙabartar Staglieno ce, a birnin Janowa mai tashar jiragen ruwa. Ba bauta musu ake yi ba, siffofin mamatan ne da iyalansu, da na mala'iku yadda Kiristoci suke suranta su, an yi su domin tunawa da kuma nuna matsayin gida.

Asalin irin waɗannan wurare matsalar lafiya ce. Da can Turawa a cikin coci da harabarta suke binne matattu, a tsakiyar gari, har wuraren suka cika suka addabi maƙwabta. A Paris sai da aka rufe babbar maƙabartar tsakiyar birni a 1780, aka kwashe ƙasusuwa zuwa ramukan da aka haƙi dutse a ƙarƙashin gari. A 1804 Napoliyon ya kafa dokar fitar da maƙabartu bayan gari, dokar ta isa Italiya a 1806. Mai zanen gine-gine Carlo Barabino ne ya tsara ta Janowa, annobar kwalara ta 1835 ta kashe shi, Giovanni Battista Resasco ya ci gaba da aikin, aka buɗe ta ranar 1 ga Janairu 1851. Lokacin ya dace da bunƙasar attajiran birnin masu jiragen ruwa da bankuna, ga kuma marmarar Karara ba nisa, sai kowane gida ya ɗauki gwanin sassaƙa. Abin da suka fi so shi ne kamanni na zahiri, a fitar da tamojin fuska, da zaren leshi, da maɓallin riga, da hawayen gwauruwa a gefen gadon mijinta.

Tsohuwar da kika gani sunanta Caterina Campodonico. Talla take yi a wuraren bukukuwa, tana sayar da wasu 'ya'yan itace masu kama da gyaɗa da ake shiryawa a zare kamar carbi, da wani biskit mai siffar zobe. Ta yi shekaru tana tara ribar tallarta, ta biya masassaƙi Lorenzo Orengo ya yi siffarta a 1881 tana da rai, da mayafinta mai geza da kayan sana'arta a hannu, ta rasu a 1882, aka kafa ta a jerin attajiran da ta yi rayuwa tana yi musu talla. Ki gaya wa ɗalibanki su kwatanta da ƙubbar Ƙa'itbai. A wuri ɗaya fuskar mamaci ce abin kallo, a ɗayan kuwa babu fuska ko ɗaya, sai aya da lissafi, kuma aƙidar kowane ɓangare game da sura ita ta ja hannun masassaƙinsa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗalibin tarihi ne. Kullum muna jin labarin kaburburan sarakunan wasu ƙasashe. Mu a ƙasar Katsina muna da wani abu makamancin haka? Daga wani ɗalibi, Mani.

AMSA: Ɗana, kana zaune a bakin rijiya kana tambayar ruwa. A ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina, akwai Durɓi ta Kusheyi, kuma sunan kansa ya faɗi abin da ke wurin, don kusheyi jam'in kushewa ne. Tuddai ne manya da ƙanana da aka tara da hannu, kowane a kan kabari. Tarihin baka yana danganta su da Durɓawa, gidan sarautar da aka ce Kumayau ya fara, ya ƙare a kan Sanau wanda Korau ya kayar. Har yau sarautar Durɓin Katsina tana nan, mai riƙe da ita shi ne hakimin Mani.

An taɓa tona wurin sau biyu. Na farko a 1907, lokacin da Baturen mulki H. R. Palmer ya haƙa a farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko. Na biyu a 1992, lokacin da masu bincike daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya suka buɗe tuddai uku, suka tarar da mutum ɗaya a tsakiyar kowane, an binne shi da kayan ado da na sarauta. An samu mundaye na tagulla da na hauren giwa, da kayan zinariya, da duwatsun wuya na gilashi da na jan dutse, da kuɗin wuri. An kai kayan birnin Mainz aka gyara su aka auna shekarunsu, gwajin ya nuna kaburburan sun faɗo tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Binne mutum da dukiyarsa al'ada ce ta kafin Musulunci ya kafu a fada, amma kayan suna nuna cewa masu su suna da hulɗa da duniyar Musulmi. Kuɗin wurin asalinsu daga tekun Indiya suke, a cikin kayan kuma akwai kwanon ƙarfe irin wanda ake ƙerawa a Masar da Sham a zamanin Mamalik. Ke nan a ƙarnonin da masassaƙa suke kan ƙubbobin Ƙarafa, ayarin raƙuma yana sauke kayan maƙeran ƙasarsu a nan, wani basarake ya riƙe kwanon da daraja har aka sa shi tare da shi a ƙasa.

Bayan Musulunci ya zauna, abin da Katsina ta riƙe na kaburbura shi ne na malamanta, Wali Ɗan Marina, da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, da Wali Ɗan Takum, har manyan maƙabartun birni biyu suka ɗauki sunayen Ɗan Marna da Ɗan Takum. A ta farkon aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ranar 6 ga Mayu 2010.

Tunda kai ɗan gida ne, ga aikin da zan ba ka a hutun nan. Tuddan Durɓi ta Kusheyi suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare, don haka kada ka haƙa, kada ka ɗauki ko katangar tukunya, domin abin da aka raba da inda yake kwance ya rasa rabin bayaninsa. Ka fara da gaida mai gari ka nemi izini. Ka ƙirga tuddan da suke tsaye, ka auna kewayen kowane da taku, ka lura da inda garma ko zaizayar ruwa ta fara cin gindinsu, ka ɗauki hoto. Sannan ka zauna da dattawa ka rubuta sunan da suke kiran kowane tudu da shi, da sarkin da suke cewa yana ciki, da wanda suka ji labarin daga bakinsa, ka sa kwanan wata a kan kowace hira. Ka aiko mana da abin da ka samu, za mu ba shi shafi a wannan fili.